New Bell: Zangon da Ya Zama Gari

Da rusau aka haifi New Bell. Wajen 1910 Jamusawan da ke mulkin Kamaru suka yanke shawarar tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wouri, su mayar da tudun Bonanjo unguwar Turawa zalla. Suka ce sauro da zazzaɓi suke gudu, saboda haka a bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakanin fari da baƙi, a kai 'yan ƙasa bayansa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, ya kafa hujja da yarjejeniyar 1884 wadda ta bar wa mutanensa ƙasarsu. Ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din. Ba a rufa wata biyu ba sojojin Ingila da na Faransa suka karɓe birnin Duwala. Zuri'ar Bell ba su taɓa son wurin da aka yanka musu, wato New Bell, ba. Da suka samu sarari a zamanin Faransa, yawancinsu suka koma unguwar Bali. Fadamar da suka bari ita ce baƙi suka cika, kuma cikin baƙin nan har da kakanninmu.

Na ɗauko zancen daga tushe ne saboda abin da ake ciki yau. Ko'ina ka zauna a Duwala hirar ita ce farfaɗo da tsakiyar gari: masu kuɗi 'yan ƙasa suna sayen filaye, benaye suna tashi inda da gidajen katako suke, ana zana kasuwannin zamani a takarda. Ina murna da wannan, domin unguwarmu ta daɗe tana jiran wanda zai tuna da ita. Sai dai murna ba ta hana mutum tambaya: idan an gama gyaran, su wa za a tarar a ciki?

Hausawa sun gangaro kudancin Kamaru ta hanyoyin fatauci na Adamawa, ta Ngaundere da Banyo da Tibati da Yoko, suna bin goro da hauren giwa da roba, daga baya shanu. Da jirgin ƙasa ya haɗa Duwala da Yawunde a 1927, tafiya ta yi sauƙi. Da layin ya isa Ngaundere a 1974, arewa da teku suka zama maƙwabta. A bakin mutumin kudu, duk wanda ya sa babbar riga ya fuskanci alƙibla Bahaushe ne, ko Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Balaraben Shuwa, ko mutumin Maraɗi da Damagaram. Su ma da suka haɗu a nan, Hausa ta zama harshen ciniki da na zaure, Turancin buroka ya zama na titi.

Tsarin da suka zo da shi shi ne tsarin zango da aka sani daga Kumasi har Ibadan. Akwai mai gida da ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a kan bashi. Akwai dillali, akwai sarkin fawa, akwai liman da malamin allo, akwai sarkin Hausawa da ke shiga tsakaninsu da hukuma. Yaro zai sauka daga mota ba shi da ko sisi, kafin magariba ya samu tabarma da tuwo, kafin mako ya samu mai ba shi haja ya zaga. Kewaye da su kuma ga Bamileke, ga Basa, ga mutanen Yawunde, ga Yarbawa da 'yan Dahomi da Sanagal, kowa da ɓangarensa: Kongo, Nkololoun, Kassalafam, Makea, Ngangue. Mutumin Kano zai gane wannan hoton nan take, domin Sabon Gari ne aka juya: a can mu ne masu gari, a nan mu ne baƙi. Kafin a kai ga 'yancin kai a 1960, baƙi sun fi 'yan ƙasa yawa a Duwala, kuma New Bell ce babban masaukinsu.

Amma dubi irin ginin da aka yi. Katakon da ake kira karabot, rufin kwano, lungu mai faɗin kafaɗa, rijiya kusa da masai, a garin da ruwan samansa ke kusantar milimita 4,000 a shekara, wato wajen ninki huɗu na Kano. Dalili biyu suka haifar da haka. Na farko, ƙasar ba ta da takarda a hannun mazauna. Zuri'ar Bell suna cewa tasu ce, Turawan Faransa kuma sun bar unguwar tana girma yadda ta ga dama, ba titi, ba magudana. Mai hankali ba ya zuba siminti a filin da gobe za a iya ce masa tashi. Na biyu kuwa daga gare mu yake. Kakanninmu sun ɗauki Duwala wurin nema, ba wurin zama ba. Riba tana komawa cikin haja, ko garke, ko kujerar Makka, ko gidan da ake ginawa a Garwa ko Marwa ko Katsina domin ranar komawa. A zamaninsu wannan dabara ce mai kyau. Abin da ba su hango ba shi ne ranar komawar ba za ta zo ba. An haifi 'ya'ya a nan, an aurar da jikoki a nan, an binne iyaye a maƙabartar nan. Zaman da aka ɗauka na ɗan lokaci ya haura shekara 100, amma gidaje da yawa har yau suna tsaye kamar masu su za su ɗaure kaya da asuba.

Duk da katakon da taɓon, New Bell ce ta riƙe Duwala. Daga cikinta leburorin tashar jirgin ruwa da ma'aikatan reluwe suke fita da sassafe. A cikinta tarzomar Mayun 1955 ta yi ƙamari, wadda ta kai ga haramta jam'iyyar UPC a Yulin shekarar. A Afrilun 1960 wuta ta cinye unguwar Kongo, dubban mutane suka kwana a waje, kuma har yau ba a daina jayayya kan wanda ya kunna ta ba. Tabon da ta bari tsakanin maƙwabta ya daɗe kafin ya warke. Unguwar nan ce gidan magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Union Douala, wadda ta ɗauko kofin zakarun Afirka a 1979, kuma a lungunanta Samuel Eto'o ya fara buga ƙwallo. Babbar kasuwar gari, kasuwar Kongo, kasuwar Nkololoun da babban masallacin Juma'a duk a wannan yanki suke. Wanda ke neman atamfa, shadda, tela mai aikin wuya, turare, goro ko kilishi, nan zai zo.

Faɗuwar ta zo ne sannu a hankali daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da farashin man fetur da koko da gahawa ya karye. A 1991 aka yi watanni ana rufe gari saboda rikicin siyasa. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk mai sayo kaya daga waje ya wayi gari jarinsa ya rabu biyu. Kwalta ta farfashe ba mai gyara, magudanai suka cushe da leda, damina ta riƙa shiga ɗaki har gado. Kwalarar 2004 ta nuna abin da rijiya kusa da masai ke haifarwa. Wanda Allah ya buɗa wa ya tattara iyalinsa ya koma Bonamoussadi ko Makepe ko Logpom, ya bar tsohon gida ga 'yan haya da dangin da ba su da ƙarfi. Sunan New Bell a bakin mutanen wasu unguwanni ya koma sunan gidan yarin da ke cikinta.

A nan nake so mai karatu ya dakata, domin a wannan shekarun ne aka ci bashin da har yau ba a biya ba. Lokacin da hukuma ta juya baya, banki ya juya baya, akwai waɗanda ba su tafi ba. Telan da ya ci gaba da taka keke da fitilar aci-bal-bal. Uwar marayun da ke tuya ƙosai a bakin lungu tana biyan kuɗin makaranta da ribarsa. Mai suya da ke raya titi har tsakar dare, wanda hasken wutarsa ya sa mata ke iya wucewa ba tsoro. Matasan da suka hau babur, bensikin kamar yadda ake ce musu a nan, lokacin da motocin safa na gari suka mutu. Kwamitocin masallatai da na coci da ke tara mutane ranar hutu a yashe kwata. Darajar da filin New Bell ke da ita yau ba daga ƙasar take ba, ƙasar fadama ce. Darajar daga cunkoson masu saye da sayarwa take, kuma waɗannan mutane ne suka hana cunkoson watsewa.

Daga shekarun 2000 zuwa yau kuɗi ya fara dawowa tsakiyar gari. An gyara manyan tituna, an gina wasu manyan magudanai da tallafin Faransa, gada ta biyu a kan Wouri ta buɗe a 2017. A ƙarshen 2020 aka buɗe Douala Grand Mall kusa da filin jirgin sama, haɗin gwiwar kamfanin Actis na Ingila da Craft Development na 'yan ƙasa. A Akwa, attajiri Samuel Foyou ya gina otal ɗin Krystal Palace. Ko masu fasaha sun sa hannu: a 2010, ƙarƙashin cibiyar doual'art da Marilyn Douala Manga Bell ta kafa tare da mijinta, Pascale Marthine Tayou ya jera kwanukan girki ya yi dogon ginshiƙi a shataletalen Shell New Bell, wani mai fasaha daga Holan kuma ya rufe buɗaɗɗun kwatoci da katako a Ngangue domin mutane su samu wurin takawa.

Amma sauyin da ya fi taɓa rayuwarmu ba shi da allon suna. Shi ne benen hawa uku ko huɗu da ke tashi a bakin titi: shaguna a ƙasa, ma'ajiyar kaya a hawa na farko, ɗakunan haya a sama. Masu gina su ba baƙi ba ne daga ƙetare. 'Yan kasuwar Duwala ne, da yawansu Bamileke, sai wasu alhazai namu. Ya kamata mu kalli yadda Bamileke suke yi da idon koyo, ba da idon hassada ba. Adashinsu ba na biki ba ne kawai. Ƙungiya ce mai doka da littafi da tara, wadda ake zuba manyan kuɗi, wanda ya kwasa ya san abokan zubi za su tambaye shi abin da ya yi da su, kuma kunyar kasa zubi ta fi tsoron kotu. Da irin wannan kuɗi ake sayen fili, a fitar da takarda, a zuba harsashi, a buɗe shagunan ƙasa, hayarsu ta gina hawa na gaba. Sun zo Duwala baƙi kamar mu, a fadama ɗaya muka sauka. Bambancin shi ne sun yanke shawara da wuri cewa nan ma gida ne.

Manyan alkawura kuwa sun koya mana taka-tsantsan. A Yulin 2012 gobara ta cinye ɗaruruwan shaguna a kasuwar Kongo. Hukumar birni ta ba kamfani mai zaman kansa aikin sake ginawa, bisa sharaɗin ya gina da kuɗinsa, ya ci haya na wasu shekaru, sannan ya miƙa. Gobarar Fabrairun 2019 ta zo ta tarar da 'yan kasuwa ba su shiga kasuwar da aka zana musu ba. Aka sake ƙulla wata yarjejeniya da wani ɗan kasuwa ɗan ƙasa, aka raɗa wa aikin suna Neo Congo Mall. Shekarun jiran nan a wurin mai zane lissafi ne a takarda. A wurin tela ko mai atamfa kuwa jari ne da ya narke, da abokin ciniki da ya canza hanya.

Haka ma kamfanin SMID da hukumar birni ta kafa a 2018, zamanin shugabanta Fritz Ntonè Ntonè. Tunanin mai kyau ne ƙwarai: a sayar wa mazauna Duwala da 'yan ƙasa na ƙetare hannun jari, kowane ɗaya sefa 10,000, a tara biliyan 10, a gina kasuwanni da wuraren more rayuwa, riba ta koma ga mutanen gari. Abin da aka tara bai kai abin da aka nema ba, kuma bayan sauyin shugabancin birni a 2020 rikici ya ɓarke a kan tafiyar da kamfanin har ya kai kotu. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne talakan Duwala yana shirye ya sa kuɗinsa a garinsa. Abin da yake nema shi ne amana: littafi a buɗe, da aikin da ba ya mutuwa idan an canza mai kujera.

Sai kuma abubuwa biyu da suka girgiza kowa. A Mayun 2022 aka rushe gidaje a Dikolo, cikin Bali, domin a gina babban otal, iyalai suka kwana a kan baraguzai. A shekarar da ta biyo kotu ta soke hujjar da aka dogara da ita, amma gidan da aka rushe ba ya tashi da hukunci. Idan haka ta samu 'yan ƙasa a ƙasar kakanninsu, me wanda ba shi da takarda zai sa rai? A Yulin 2023 kuma bene ya rufta a kan wani gida a wata unguwa ta birnin, mutane wajen 40 suka rasu. Tsawon gini ba shi ne ci gaba ba idan an yi ƙwauron ƙarfe da siminti, musamman a ƙasa mai ruwa irin tamu.

Duk da haka, abin da ya fi cin unguwar Hausawa ba katafila ba ce. Cinikin gidan gado ne, wanda ake yi shiru. Tsoho ya rasu ya bar gida mai ɗaki 15 da magada fiye da haka, wasu a Duwala, wasu a arewa, wasu a Gabon ko Saudiyya. Ba takardar mallaka, sai wata tsohuwar shaidar ciniki da shaidun sun riga mu gidan gaskiya. Gidan ba ya rabuwa, hayar ba ta isar kowa, wanda ke karɓa ana zarginsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: dillali ya zo da mai saye, kuɗin ya yi kama da dukiyar da ba ta ƙarewa. A raba, kowa ya samu abin da ba zai sayi ko rabin fili a tsakiyar gari ba. Bayan 'yan shekaru iyalin suna haya a bayan gari, kuɗin babur zuwa kasuwa yana cinye ribar yini. Tare da gidan kuma an sayar da zauren da ake saukar baƙi, da makarantar allon da ke soronsa, da rumfar telan da ke biyan haya kaɗan saboda mutunci. Mai saye bai yi laifi ba, halak ya saya. Amma idan gida goma a layi ɗaya suka tafi haka, an rasa abin da ba a rubuta shi a takardar ciniki ba.

Ban yarda cewa wannan ƙaddara ce da ba ta da magani ba. Musulmin arewa sun kafa manyan masana'antu a Duwala: gidan Alhaji Fadil da kamfanin sabulu na CCC, Alhaji Nana Bouba da kamfanin Azur. Kuɗin da ke juyawa a cinikin shanu, albasa, yadi da canji ba kaɗan ba ne. Abin da ya rage shi ne a juya wani kaso nasa zuwa ƙasar da muke takawa.

Matakin farko takarda ce. Tun dokar filaye ta 1974, takardar mallaka ita ce shaidar da hukuma ta sani, kuma gyaran 2005 ya sauko da aikin zuwa matakin jiha. Hanyar tana da wahala da kashe kuɗi, musamman a New Bell mai tsohuwar taƙaddamar ƙasa, shi ya sa bai kamata kowane gida ya bi ta shi kaɗai ba. Sarakunan unguwa da kwamitocin masallatai za su iya ɗaukar lauya da mai awon fili su yi wa layi guda aiki tare. Na biyu, magada su san akwai hanya tsakanin zama cikin ruɓaɓɓen katako da sayarwa. Ana iya raba gado a lissafi bisa shari'a, kowa ya san kasonsa, mace da namiji, a bar filin a dunƙule, a ba mai jari ya gina bisa yarjejeniya rubutacciya a gaban notaya: ya ci hayar shaguna na shekarun da aka ƙayyade, iyali su riƙe hawa ɗaya, ginin ya dawo gare su a ƙarshe. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da mafita a cikin fiƙihunmu, ta musharaka da mudaraba, kuma wasu bankunan ƙasar irin su Afriland First Bank sun buɗe sashen hada-hadar Musulunci. Na uku, mu farfaɗo da waƙafi. Attajirin da ya gina shaguna goma ya tsayar da biyu domin makaranta da asibitin unguwa ya yi sadakar da za ta daɗe bayansa.

Ga masu zuba jari kuma, 'yan uwanmu na kowace ƙabila, roƙona uku ne. Wanda kuka tarar yana sana'a a wurin, a fara yi masa tayin shago da farashin da zai iya, domin shi ne ya tara muku masu saye. A bar hanyar da motar kashe gobara za ta shiga, a bar wa ruwa hanyarsa, ko da an rasa shago ɗaya. A ɗauki injiniya na gaskiya a biya shi haƙƙinsa. Ƙaramar hukumar Duwala ta Biyu, wadda New Bell ke ƙarƙashinta, da ta birni su ma aikinsu a bayyane yake: titi, magudana, ruwan famfo, da yarjejeniyar da ake karanta wa 'yan kasuwa kafin a sa hannu, ba bayan an sa ba.

Kakanninmu sun yi nasu. Sun zo da ƙafa, sun cike taɓo, sun kafa masallaci da kasuwa da suna mai kyau a garin da ba a jin harshensu. Abin da zamaninsu bai ba su dama ba shi ne su kafa harsashi, kuma wannan ya faɗo a kanmu. New Bell za ta sauya ko mun shirya ko ba mu shirya ba, domin fili a tsakiyar birni mai tashar jirgin ruwa ba ya zama katako har abada. Duk gidan da ke da tsoho mai rai wanda ya san iyakar filin da yadda aka same shi, a tara dangi tun yana iya magana, a rubuta, a sa hannu, a nufi ofishin filaye. Taron nan ya fi sauƙi yau a kan ranar sadakar bakwai, lokacin da dillali ya riga ya zauna a cikin masu gaisuwa.